Tuta a Kan Ƙanƙara: Wa Ke da Ƙasar da Ba Kowa?



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca ta nan Samaru suka ce, me ya haɗa mutumin Zariya da ƙanƙarar ƙarshen duniya? Tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, rigimar da ake yi a kan waccan ƙanƙara rigimar mallakar ƙasa ce, kuma babu mutanen da suka fi mu sanin zafin wannan rigima, domin an taɓa yin ta a kanmu.

Bari mu fara da wurin. Antatika nahiya ce da ke can ƙuryar kudancin duniya, faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, wato Nijeriya sau goma sha biyar. Kusan dukkanta ƙanƙara ta lulluɓe ta, kuma kaurin ƙanƙarar a tsaka-tsaki kimanin kilomita 2 ne, a wasu wuraren ya wuce kilomita 4. A tashar bincike ta Bostok, ranar 21 ga Yuli 1983, aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili. Ba a taɓa samun wata ƙabila da ta zauna a can ba. Masu bincike ne ke zuwa, 'yan dubbai lokacin da rana ke fitowa, su ragu zuwa kimanin dubu ɗaya idan dogon dare ya shigo.

Ƙarƙashin wannan mayafi akwai ƙasa sosai, da kwaruruka da tsaunuka. Wasu tsaunukan sun yi tsawon da ƙanƙara ta kasa binne su, sai ka ga kan dutse baƙi ƙirin ya huda fari ya fito shi kaɗai. Masana na kiran irinsa nunatak. Wanda ya taɓa hango Kufena daga hanyar Wusasa, yadda ya tashi tsaye a tsakiyar fili ba abokin tsayi, ya riga ya ga siffar. Sai dai ya ɗauke gonakin dawa da ke kewaye ya shimfiɗa ƙanƙara iyakar ganinsa. Akwai kuma kogunan ƙanƙara masu rarrafe zuwa teku, idan sun isa bakin ruwa sai su shimfiɗu a kansa su yi wata irin rumfa mai kauri. Akwai tsibirai da wannan rumfa ta haɗe su da gaɓa, har ba ka iya cewa ga inda tsibiri ya ƙare. Akwai ma duwatsu masu aman wuta.

Ƙasashe bakwai ne suka yanki rabo a nahiyar tun kafin 1959: Birtaniya, Faransa, Nowe, Ostireliya, Niyuzilan, Ajantina da Cile. Kowace ta ja layi biyu daga gaɓar teku zuwa ciki ta ce tsakaninsu nata ne. Rabon Birtaniya da na Ajantina da na Cile sun hau kan juna, har a 1952 sojojin Ajantina suka yi harbi ta saman kawunan Turawan Ingila a wani wuri da ake kira Hope Bay. Jamus ma ta aika jirage a farkon 1939 suna shawagi suna jefo alamun ƙarfe a kan ƙanƙara don kafa hujja. Ajantina kuwa ta kai mace mai ciki tasharta ta Esperanza, aka haifi Emilio Palma a can a Janairun 1978, don a ce ga ɗan ƙasa an haifa a wurin. Ku riƙe waɗannan misalai, domin duk abin da ƙananan masu da'awa suke yi a yau, manya suka fara yin sa.

A ranar 1 ga Disamba 1959 ƙasashe goma sha biyu suka sa hannu a Yarjejeniyar Antatika a birnin Washinton, ta fara aiki a 1961. Ta hana sansanin soja da gwajin nukiliya, ta keɓe nahiyar ga bincike. Sashe na huɗu shi ne zuciyarta: wanda ya yi da'awa a baya ba a ƙwace masa ba, ba a kuma tabbatar masa ba, sannan ba mai yin sabuwa muddin yarjejeniyar tana aiki.

To, sai ya zama akwai yanki ɗaya babba da babu wanda ya yanka. Shi ne Ƙasar Marie Byrd, a yammacin nahiyar, wadda matuƙin jirgin saman Amurka Richard Byrd ya raɗa wa sunan matarsa a 1929. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.6 ne, ta fi Jamhuriyar Nijar girma. Amurkawa ne suka fi kowa bin ta, amma gwamnatinsu ba ta taɓa shelanta mallaka a hukumance ba, ta dai ce tana riƙe da 'yancin yin hakan. A cikinta Dutsen Sidley yake, mafi tsawo cikin duwatsu masu aman wuta na nahiyar, wanda ya haura mita 4,000. Ita ce ƙasa mafi girma a duniya da babu gwamnatin da ta ce tata ce.

A 2001 wani matashi sojan ruwan Amurka mai suna Travis McHenry ya karanta yarjejeniyar ya ce ai ƙasashe aka hana, ba a ambaci mutum ɗaya ba. Ya rubuta wasiƙu ga gwamnatoci ya sanar da su cewa yankin ya zama nasa. Abin da ya kafa shi ake kira Westarctica a yau. Yana da tuta, ya buga kuɗin ƙarfe da kan sarki, kuma yana naɗa sarauta: a ba wannan sarautar wani tsauni, a ba wancan ta wani kogin ƙanƙara, wuraren da masu sarautar suka sani a taswira kawai. A 2008 wani ɗan Beljiyam, Niels Vermeersch, ya kafa tasa mai suna Flandrensis, ya ce tsibirai biyar na gaɓar yankin nasa ne: Siple, Carney, Maher, Cherry da Pranke. Tsibirin Siple dutse ne mai aman wuta da ya wuce mita 3,000, ƙanƙara ta rufe shi ruf. Ɓangarorin biyu sun yi ta sa-in-sa a intanet a kan wannan tsibiri kafin su sasanta a 2010. Irin waɗannan su nake kira ƙasashen takarda. Babu gwamnati ko ɗaya da ta amince da su, kuma babu ko ɗaya daga cikin masu da'awar da ke kwana a ƙasar da suke iƙirari.

Adalci ne a faɗi cewa duka biyun sun juya zuwa fafutukar kare muhalli. Flandrensis ma cewa take burinta kada kowa ya zauna a tsibiranta. Ba na ganin mugunta a zukatan waɗannan mutane. Abin da ke damuna shi ne tunanin da suka gada ba tare da sun bincike shi ba, wato idan ka duba taswira ka ga fili babu sunan kowa, to wanda ya riga sa suna shi ke da shi. A kan ƙanƙara wannan tunani bai cuci kowa ba tukuna. Da ya sauko Afirka sai aka ga haƙoransa.

Tsakanin Masar da Sudan akwai wani yanki na hamada mai suna Bir Tawil, murabba'in kilomita 2,060. Turawan Ingila sun ja iyaka sau biyu a wurin, a 1899 da kuma 1902. Masar ta riƙe layin farko, Sudan ta riƙe na biyu, domin kowace tana son yankin Halayib da ke bakin Bahar Maliya, wanda ya ninka Bir Tawil kusan sau goma. Duk wadda ta karɓi Bir Tawil ta yarda da layin da zai raba ta da Halayib, don haka kowace take cewa na ɗayar ne. A watan Yunin 2014 wani Ba'amurke daga jihar Bajiniya, Jeremiah Heaton, ya je ya kafa tuta ya ce ya kafa Masarautar Sudan ta Arewa, don ya cika wa 'yarsa alkawarin zama gimbiya. Jaridun duniya suka ɗauka labari ne mai daɗi na uba da 'ya. Alhali makiyayan Ababda sun daɗe suna ratsa wurin da raƙumansu, sun san rijiyoyinsa, kuma akwai masu haƙar zinariya a ciki. Rashin gwamnati aka mayar rashin mutane.

Mu nan mun san wannan. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, suka ce kudu na Ingila, arewa na Faransa, a lokacin da Sarkin Musulmi yana kan gadonsa a daularsa bai san ana yi ba. Gyare-gyaren wannan layi ne daga baya suka bar Katsina a gefe guda, Maraɗi a ɗaya gefen. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya shelanta cewa Arewa duka tana ƙarƙashin kariyar Sarauniya. A ranar nan ba shi da iko da Zazzau ko Kano ko Sakkwato. Da'awarsa a kansu, a wannan safiya, ba ta fi ta McHenry a kan Dutsen Sidley ƙarfi ba. Bambancin shi ne yana da bindiga mai ruwa da gwamnati a bayansa. A 1902 sojojinsa suka sauka Zariya, ba a jima ba aka cire Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. A 1910 aka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna. Da wannan iko aka shata Sabon Gari bayan isowar jirgin ƙasa, da shi kuma aka kafa gonar gwaji ta Samaru a 1922, wadda ta zama tushen cibiyar binciken aikin gona da ke cikin jami'ar nan ta Samaru. Ƙasar da muke zaune a kanta yanzu haka, tarihin takardunta yana komawa ga tutar Lakwaja.

Kuma ba a same mu babu doka ba. Malamanmu suna da babi guda a fiƙihu a kan raya mataccen fili, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kai, Ta'alimur Radi. A mazhabar Malikiyya ba ka mallakar daji da baki. Sai ka tono ruwa, ko ka yi gini, ko ka dasa itace, ko ka sare daji ka nome. Idan filin yana kusa da gari sai da izinin shugaba. Kewaye fili da shinge kawai ba ya zama raya shi. Da za a kai ƙarar Westarctica gaban alƙalin Zazzau na wancan zamani, tambayar da zai yi ita ce, ina rijiyarka, ina shukarka? Akwai wani abu a wannan babi da ya kamata ɗalibanmu na shari'a su tsaya a kai: malamai ba su ƙidaya kiwo cikin abubuwan da ke mallaka wa mutum fili, amma sun kare makiyayi ta wata ƙofar, ta hurumi, wato filin da shugaba ke keɓe wa jama'a kowa ya amfana kada wani ya shinge. Da muka bar hurumi da burtali suka lalace, kowa ya ga abin da ya biyo baya a Zamfara da Birnin Gwari. Yarjejeniyar 1959, a fahimtata, hurumi ce aka yi wa duniya, kuma wannan shi ne abin yabo a cikinta.

Sai dai kada mu ɗauka cewa wanda ya raya ƙasa shi ke cin nasara a kotun zamani. Misalin da ya fi kusa da mu yana Tafkin Cadi. A shekarun 1960 tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwan, sai sabuwar ƙasa ta fito, da tsibirai da fadamu masu albarka. Masunta da manoma daga Nijeriya, Hausawa da Barebari da Shuwa da sauransu, suka bi ruwa yana ja suna bi. Suka kafa Darak da ƙauyuka fiye da talatin. Suka yi kasuwa, suka kafa bandar kifi, suka shuka masara da wake a inda ruwa ya bari. Kifin da ake ɗaurawa a kwali a Baga ya biyo mota har kasuwannin Kudu, wani daga waɗannan ƙauyuka yake fitowa. Gwamnatin Borno ta bi su da hakimai da 'yan sanda da makaranta da ɗakin shan magani, suna biyan haraji a Nijeriya. Duk sharuɗɗan raya fili sun cika su.

Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg a 1994. Lauyoyin Nijeriya suka ce mutanenmu ne a wurin, mu ke mulkinsu shekara da shekaru. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce iyaka ta riga ta tabbata a takardun da Ingila da Faransa suka yi a 1919 da 1931, kuma idan zama a ƙasa ya ci karo da takardar mallaka, takarda ake bi. A Disambar 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyukan. Mutane sun fi tuna Bakasi, wadda aka kammala miƙawa a 2008, amma 'yan'uwanmu na Darak a hukunci guda aka yanke musu. Mutumin da ya sare ciyawar tafki da hannunsa ya wayi gari baƙo a gonarsa, saboda layin da wasu suka ja a kan ruwa tun kafin a haife shi.

Ga abin da nake so a fahimta. McHenry yana da takarda, amma shi ya rubuta wa kansa, ba ta da amfani. Mutanen Darak suna da gumi da zama, amma ba su da takarda, suka rasa. Takardar da ke aiki ita ce wadda aka rubuta a teburin da manya suka zauna, kuma wanda ba ya wurin ranar rubutu, jikokinsa ne ke biya.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a Ƙasar Marie Byrd. A can kogin ƙanƙara na Thwaites yake, wanda girmansa ya kusa na tsibirin Birtaniya. Gindinsa yana zaune a kan ƙasar da ke ƙasa da bakin teku, kuma ruwa mai ɗan ɗumi yana shiga ta ƙarƙashi yana cinye shi. Masana sun ƙiyasta cewa idan ya narke duka, teku zai ƙaru da kimanin santimita 65 a duniya baki ɗaya, idan kuma ƙanƙarar yammacin nahiyar ta bi shi, abin zai wuce mita 3. Ba gobe ba ne, aiki ne na ƙarnoni, amma ya fara. Legas tana bakin ruwa, haka Warri da Fatakwal. Garin Ayetoro na jihar Ondo tuni teku ya cinye masa unguwanni. Iyayenmu na Sabon Gari da suke da dangi a waɗannan wurare ba sa bukatar a yi musu bayani, kuma kayan da ke cika shagunan kasuwar Sabon Gari yawancinsu ta tashar Apapa suke shigowa. A Fabrairun 2020 masu bincike a jirgin ruwan Amurka suka ga wani tsibiri a gaɓar yankin da ba ya cikin kowace taswira, ƙanƙara ce ta janye ta bar shi a fili. Suka sa masa suna Sif. Ruwa ya janye a Cadi ƙasa ta fito, ƙanƙara na janyewa a can ƙasa na fitowa, kuma tambayar wa ke da ita za ta taso.

Haƙar ma'adinai a Antatika haramun ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998. Mutane kan ce haramcin zai ƙare a 2048. Ba haka ba ne, ba ya ƙarewa da kansa. Abin da ke akwai shi ne daga wannan shekara kowace ƙasa mai ƙuri'a tana iya neman a kira taro a sake duba shi. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar 1959 sun haura 50, amma masu ƙuri'a 29 ne. Daga Afirka, ƙasa ɗaya ce a ciki, Afirka ta Kudu, wadda ta sa hannu tun zamanin wariyar launin fata. Mahathir na Malesiya ya ɗaga maganar a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1982, cewa nahiyar gadon 'yan Adam ce gaba ɗaya, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta goyi bayan haka a 1985. Magana daga waje ba ta canza komai ba. Malesiya da kanta ta shiga yarjejeniyar a 2011. Indiya da Barazil sun sami ƙuri'a tun 1983, Sin a 1985.

Ƙofar shiga a buɗe take ga kowace ƙasa da ke Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya kuwa ba ta shiga ba. Ƙuri'a kuma ba a sayen ta da tuta, sharaɗinta shi ne ƙasa ta nuna tana gudanar da bincike na gaske a nahiyar. Wannan ya sa na kawo maganar Samaru maimakon Abuja. Na san za a ce wanda bai gama da wutar lantarki ba ina shi ina ƙanƙara, kuma ban raina wannan magana ba. Amma ba tasha nake cewa a gina ba. Holan ta sami ƙuri'a a 1990 ba tare da ta gina tasha tata ba, da aikin masananta a tashoshin wasu. Afirka ta Kudu tana da tasha mai suna SANAE IV da jirgin bincike S.A. Agulhas II da ke tashi daga Keftawun kowace shekara. Wannan jami'a, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen nazarin ƙasa da na duwatsu, tana da masana yanayi, tana da tarin bayanan ruwan sama na Samaru na shekaru masu yawa da masu nazarin sauyin yanayi ke nema. Abin da za a iya farawa da shi shi ne yarjejeniya da jami'a ɗaya ta Afirka ta Kudu, a tura ɗalibin digiri na uku ɗaya ko biyu su shiga ayarinsu, sannan tsangayar shari'a da ke Kongo ta shirya wa Ma'aikatar Harkokin Waje takardar da ke bayyana abin da shiga yarjejeniyar ke bukata da abin da zai ci. Ɗaliban da ke zaune a bayan wannan ɗaki za su kasance a ganiyar aikinsu a 2048, kuma cikinsu za a nemi wanda zai wakilce mu idan an kira taron.